Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Wayar hannu ta kawo mana Shata har cikin aljihu, amma ta bar rabin kiɗansa a hanya. Lasifikarta ba ta kai farce girma ba, ba ta da ƙirjin ɗaukar amon ƙasa na kalangu. Yaranmu na Briqueterie da Madagascar, waɗanda Faransanci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, wannan ragaggen kiɗa suka tashi da shi, shi ya sa suke ganin waƙoƙin iyayensu hayaniya ce kawai.

Cikin abin da mahaifinmu ya bari akwai akwatin katako mai babbar lasifika ɗaya, irin wadda aikinta fitar da amon ƙasa. Ba ta da ƙarfin kanta, sai amfilifaya ta tura ta, ita kuwa amfilifayar ta riga mai ita mutuwa. Ƙannena suka ce a kai wa 'yan gwangwan. Ni na kai wa wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Mokolo.

Ya kwance ta, ya karanta bayanta: om 4. "Yaya, ai lafiyarta ƙalau," in ji shi, "zuciya kawai take so."

Zuciyar wani ɗan allo ne mai TPA3116, faɗinsa kamar tafin hannu. Cajar kwamfuta mai bolt 19 ta ishe shi, tunda wutar gida mai 220 ba ta shiga cikinsa kai tsaye. Sai matata, wadda ke tare duk sautin da ya haura wajen haz 100, don kada muryar mawaƙi ta faɗa akwatin ta zama gunaguni. Murya rabon ƙananan lasifiku ce. Inda ya fi daɗewa shi ne ramin da ya yanka a bayan akwatin. Ya bi gefensa da gam sau biyu, domin iska in ta sami kafa sai kiɗan ya koma huci. A ganina nan ake gane gwani, haɗa waya kowa ma ya iya.

Yanzu ranar Lahadi bayan La'asar nakan sa Shata ko kotson Ɗanƙwairo, da sauti kaɗan, saboda katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabta. Makon jiya ɗan ƙanwata ya ɗora tafinsa kan katakon yana jin rawarsa, ya tambaye ni, da Faransanci, me kalangun yake faɗa. Na amsa masa da Hausa, ya ce in sake.