Allurar da ba ta da ruwa

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Tasawa. Bara, gab da damina, ciwo ya kama mini kafaɗar dama. In na ɗaga hauya sai in ji kamar an soke ni da kibiya har wuya. Wanzami ya yi mini ƙaho sau 2. Na sha ƙwayoyin ƴan tebur. Ciwo yana nan. Hankalina ya tashi, don mutum 9 ke ci daga gonata.

Ɗana ya kai ni Yamai wurin wani ma'aikacin lafiya mai gyaran jiki da tausa da motsa gaɓoɓi, wanda ake ce wa kine. Ya yi ta latsa kafaɗata har ya samu wani ƙulli cikin tsoka, kamar ƙwayar gujiya. Da ya danna shi, sai da na yi ƙara.

Ya ɓare wata sabuwar allura, siririya ƙwarai. Na ce: "Yaro, ina ruwan maganin?"

Ya ce: "Baba, babu. Shi ya sa ake ce mata busassar allura. Sukar ita ce maganin."

Ya gaya mini wani likita na ƙasar Cek, can Turai, mai suna Karel Lewit, ya bayyana haka tun 1979.

Ya soka allurar cikin ƙullin. Tsokar ta zabura da kanta, sannan ta saki. Kwana 2 wurin yana tsami. Rana ta 3 na ɗaga hannu sama.

Amma ya gargaɗe ni. Sauƙin allura na ɗan lokaci ne. Ya koya mini miƙe wuya da kafaɗa, safe da maraice. Na bi maganarsa, na kuma noma gerona.

Da maƙwabcina ya ji labari, ya kawo allurar ɗinki, wai in yi masa. Na ƙi. Huhu yana ƙarƙashin kafaɗa da haƙarƙari. Wanda bai koyi aikin ba yana iya huda shi, numfashi ya gagara. Allurar da ta shiga jikin wani kuma tana ɗaukar ciwon hanta da sida.

Ƴan'uwa manoma, in ciwon jiki ya daɗe, mu tafi gidan likita a duba mu. Kada mu ba da jikinmu ga wanda bai san cikinsa ba. Allah ya ba mu lafiya.