Kafin ka zuba kuɗin adashinka a motar kaya, ɗan'uwa

'Yan'uwa mazauna Amurka! Wannan rubutu naku ne, ku da kuka gaji da Uber da aikin sito, kuna shirin haɗa kuɗi ku sayi motar kaya ta kanku. Kusan kowane mako sai wani ya turo mini hoton mota a WhatsApp yana cewa, "Yaya, dubi wannan, dala 18,000 kacal." Na daɗe ina jan irin motocin nan, shi ya sa na ce bari in yi bayani gaba ɗaya, kowa ya karanta.

Ina nufin mota mai akwati, mai tsawon ƙafa 16 zuwa 26, kamar Kanta ta gida ko ta ɗan ɗara ta: Isuzu NPR, Hino 268, Freightliner M2, International 4300. Abin da ke jan mutanenmu shi ne, in nauyin da aka rubuta mata bai wuce fam 26,000 ba, wato kusan tan 12, ba sai kana da lasin CDL ba. Shiga da sauƙi. Zaman cikin ne aiki.

A gida in mota ta tsaya, bakanike zai shiga ƙarƙashinta da sifana da guduma, kafin la'asar ta tashi. Nan kuwa kwamfuta ce ke mulkin motar, kuma abin da ya fi cin kuɗin mutane ba inji ba ne, salansa ce. Tun 2007 motocin dizal suke zuwa da matatar hayaƙi da ake kira DPF, wadda ke tare baƙin hayaƙi. Daga 2010 aka ƙara ruwan DEF, wanda ake zubawa a ƙaramin tanki mai shuɗin murfi. Matatar nan tana wanke kanta ne da zafi, in mota ta samu doguwar hanya tana gudu. To kai kuma aikinka cikin gari ne: tsaya nan, sauke kaya can, ka bar inji na aiki awa biyu a bakin sito saboda sanyi. Haka take toshewa a hankali. Wuta za ta kama a dashbod, tana neman ka faka ka bar ta ta ƙone dattin, abin da suke kira rijen, minti talatin zuwa arba'in. Don Allah ka tsaya ka yi. In ka ce sai ka sauke kaya tukuna, gobe ma haka, kwamfuta za ta rage wa injin ƙarfi. In kuma matsalar ta ɓangaren DEF ce, tana iya mayar da kai gudun mil 5 a awa, da kayan mutane a bayanka.

Ga abin da na saba gani a gareji, ko da yake kowace jiha da farashinta. Wanke matata, dala 400 zuwa 700. Sabuwa kuwa daga 2,500 zuwa sama. Na'urar da ke auna hayaƙin, ƙaramin abu da bai fi yatsa ba, tana cin ɗaruruwan daloli, kuma ba guda ɗaya ba ce. Kuɗin hannun bakanike dala 150 zuwa 200 ne a awa, wurin dila ya fi haka, kuma kafin a taɓa komai sai ka biya kuɗin jona kwamfuta. Janwe kaɗai na iya cin 500 ko fiye, don ba irin na ƙananan motoci ba ne.

Wani zai raɗa maka cewa akwai mai cire matatar gaba ɗaya ya gyara kwamfutar, ka huta. Dokar tarayya ta hana, dila ba zai taɓa motar ba, in ka tashi sayarwa kuma ka rasa mai saye na kirki. Kai baƙo ne, wataƙila takardunka ma suna kan hanya. Bai kamata sunanka ya shiga irin wannan ba.

Sai maganar International mai inji MaxxForce, na 2010 da 'yan shekarun bayanta. Kamfanin ya yi ƙoƙarin cika ƙa'idar hayaƙi ba tare da DEF ba, ta hanyar mayar da hayaƙin cikin inji da yawa, abin bai yi kyau ba, daga baya suka koma sa injin Cummins. In ka ga irinta da araha mai ban mamaki, to ga dalilin arahar.

Sauran kuwa sanannu ne. Tobo in ya tafi, ka shirya dubu biyu zuwa huɗu. Nozul haka. Giyar Allison tana da ƙarko in ana canza mata mai a kan lokaci. In inji ya buga gaba ɗaya, sau da yawa gyaran ya kai kuɗin da ka sayi motar. Taya shida ce, ba huɗu ba. Lif ɗin baya ma yana da nasa rigimar, yawanci batir ne ko waya ta ci tsatsa, amma ranar da ya ƙi sauka ba ka da aiki. Lokacin hunturu kuma dizal yana daskarewa, ka riƙa zuba masa maganin sanyi. Ku na New York, ku bar taswirar ƙananan motoci, domin za ta jefa ku kan hanyoyin Parkway da aka hana motar kaya, gadojinsu gajeru ne, akwatin ne zai tafi.

Amma wallahi abin da ya fi durƙusar da mutane shi ne zaman motar a gareji. Mako biyu ana jiran kayan gyara, inshora ba ta jira, bashin banki bai jira, kuɗin haya bai jira, dillalin da ke ba ka kaya ya samu wani. Ga waya daga gida ana cewa kuɗin makaranta.

Saboda haka kafin ka biya, ka kai ta wurin bakaniken dizal da kai ka zaɓa, ba na mai sayarwa ba. Ɗari uku ko huɗu ne. A jona kwamfuta a duba awannin da inji ya yi, kada ka tsaya kan mil kawai, don motar cikin gari tana tsufa a tsaye. Ka leƙa ƙarƙashi, gishirin da ake zubawa a titi a jihohin arewa yana cinye ƙarfe. Motocin da Penske da Ryder suka sayar sun ɗan fi tsada, amma sukan zo da tarihin gyaransu. In aikinka cikin gari ne zalla, ka duba NPR mai fetur, ta fi shan mai amma ba ta da DPF ba ta da DEF.

In dala 25,000 gare ka, kada ka sayi motar 25,000. Ka bar dubu takwas zuwa goma a wani asusu daban da sunan motar, kuma duk mil ɗin da ka yi ka ware mata santi 15. Shawarata kuma, kada ka yi saurin ɗora hotonta a Facebook. Mutanen gida suna ganinka a jikin babbar mota, lissafinsu ya canza, kai kuma kunya ba za ta bar ka ka ce babu ba. Ka bari ta yi wata shida tana aiki, ka ga abin da take ci da abin da take bari, sannan ka faɗa wa Hajiya ta sa albarka.

Masu jan irin motocin nan a wasu jihohi, ku faɗa mana nawa ake cajinku a awa. Allah ya tsare hanya.