Zuwa Ga Autana Mai Son Ƙwallon Kwando

Injamena, Chadi.

Ɗana Bashir,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Baffanka da iyalinsa da duk mutanen Zariya. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Ka san Injamena in bazara ta kama, kogin Shari ya ja baya har yara suna wasa a kan yashinsa. Innarka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko wandunan sallarka sun ɗage kuma, don Baffanka ya ce yanzu sai ka sunkuya kake shiga zaure.

Saƙonka ya iso. Kana son kuɗin takalmi irin na 'yan NBA, kana kuma so a ɗauke maka darasin yamma don ka samu lokacin atisaye. A ƙarshe ka lallaɓo da maganar wai azumi yana rage wa ɗan wasa ƙarfi. Innarka ta ce in hana ka ƙwallon kawai kowa ya huta. Ni ba zan hana ka ba. Amma tunda taurari kake hange, bari in ba ka labarin wanda muka riƙa kallon kaset ɗinsa muna samari, Hakeem Olajuwon.

An haife shi a Legas a 1963, iyayensa Yarbawa ne masu sayar da siminti. Da ƙwallon ƙafa ya tashi, shi ne gola, sannan ya koma ƙwallon hannu. Yana ɗan shekara 15 makarantarsu, Muslim Teachers College, ta je Sakkwato gasar wasannin makarantun horar da malamai. Shi da ƙungiyar ƙwallon hannu ya tafi. Wani ɗalibi ne ya roƙi koci a saka dogon yaron nan cikin 'yan ƙwallon kwando, aka saka shi. Ka ga a ƙasarmu ta Hausa abin ya soma, kuma makaranta ce ta kai shi wurin.

A 1980 ya sauka Amurka, Jami'ar Houston ta karɓe shi. Shekarar farko bai buga gasa ba. Ta biyu ma yawanci a benci ya yi ta. Da hutu ya zo, sai ya riƙa zuwa wani filin atisaye a garin yana karawa da Moses Malone, gwarzon NBA na lokacin, ƙato mai ture mutum kamar buhun gero. Nan ya sha wuya, nan kuma ya koyi wasa. Jami'arsu ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a 1983 aka doke su a daƙiƙar ƙarshe, ta sake kaiwa a 1984 aka sake doke su, wannan karon 'yan Georgetown ne, su Patrick Ewing. Bai tsaya ya ƙarasa digiri ba, kada gobe ka ce na ɓoye maka. Sai dai ya bar aji ne bayan duniya ta riga ta san sunansa. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984 shi Houston Rockets ta ɗauka na farko, Michael Jordan ya zo na uku.

Daga nan fa sai jira. A 1986 suka kai wasan ƙarshe, Boston ta cinye su. Kuma a shekarun nan Hakeem ba ustazu ba ne, yaro ne mai zafin kai, ga faɗa da abokan karawa, ga musu da alƙalan wasa. Sai daga baya ya koma ga addininsa da gaske, ya riƙe salla da karatun Alƙur'ani, zuciyarsa ta kwanta. Shekara goma cif ya yi a NBA kafin ya taɓa kofi. A 1994 ya ci kyautar gwarzon shekara, da ta gwanin tsaro, da ta gwarzon wasannin ƙarshe, duk a kaka guda, abin da ba wanda ya taɓa haɗawa kafinsa. Wa suka doke? New York ta Patrick Ewing, wanda ya sa shi baƙin ciki shekara goma baya. A 1995 suka sake ɗauka, suka lallasa Orlando ta Shaquille O'Neal wasa huɗu a jere. Hakeem mutum ne mai tsawon kusan ƙafa bakwai, amma sai ya yi kamar zai bi dama ya sulale ta hagu, mai tsaronsa na sama yana tsallen banza. Shi da kansa ya ce ƙafar nan daga ƙwallon ƙafa ya samo ta. Har yau ba wanda ya kai shi tare ƙwallo a tarihin NBA, sau 3,830.

Yanzu maganar azumi. Watan Ramadan na 1995 ya kama a farkon Fabrairu, ana tsakiyar kakar wasa. Hakeem bai sha ba. Gaskiya ne yawancin wasanninsu da dare ake yi, bayan an sha ruwa, amma akwai na rana, ya buga su da bakinsa a bushe. Da watan ya ƙare, shi aka ba kyautar gwarzon watan Fabrairu. Ban ce azumi ba wuya ba, ni da nake yinsa a ranar Injamena. Ka mayar da atisayenka bayan tarawihi ko bayan asuba, shi ke nan.

Takalmi kuwa, a shekarar nan ta 1995 ya sa sunansa a wani takalmin Spalding da ake sayarwa kusan dala 35, alhali na sauran taurari ya haura dala 100. Dalilinsa shi ne uwa matalauciya mai 'ya'ya uku ba za ta iya sayen masu tsadar ba, daga nan yara ke faɗawa sata. Wannan ya fi kofunan burge ni. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne rigar Amurka da ya sa a gasar Olamfik ta 1996, amma wannan tsakaninsa da zuciyarsa ne.

Ƙungiyoyin NBA 30 ne kawai, sababbin da ake zaɓa a shekara wajen 60, daga duniya baki ɗaya. Ka riƙe lissafin nan. A nan Zariya da kake Masai Ujiri ya tashi, yana kallon Hakeem yana mafarki irin naka. Ya buga a Turai, bai taɓa shiga NBA a matsayin ɗan wasa ba. A 2002 ya fara nemo wa Orlando 'yan wasa ba ko sisin albashi. A 2019 shi ne shugaban Toronto Raptors da ta ɗauki kofi, cikin 'yan wasansa har da Pascal Siakam na Duwala, ɗan maƙwabtanmu Kamaru. Kansa da iliminsa ne suka kai shi inda ƙafarsa ta kasa.

Saboda haka darasin yamma yana nan, na gaya wa Baffanka. In wani ya zo maka da maganar zai fitar da kai waje a biya shi kuɗi, kada ka amsa komai, ka haɗa shi da Baffanka. Kuɗin takalmi na ba direban da ke bin Kusuri da Gamboru zuwa Maiduguri, za a miƙa su Zariya cikin makon nan. Za su sayi mai ƙarko, ba mai suna ba, ka ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafarka tunda ba ta daina girma ba. In an yi hutu ka taho da takardar sakamakonka, ni kuma zan bi ka fili in ga jifan nan da ake ta ba ni labari.

Allah Ya yi maka albarka. Ka gaida Baffanka da Goggo.

Naka,
Babanka.