Ƙwan Zabi Biyu

Ranar da matar ƙanina ta kawo min ɗanta hutu, har ta kai bakin ƙofa ta dawo. "Yaya, don Allah ban da ƙwai. Ko cincin ne ko kek ko alale, a tambaya tukuna." Na ce to, amma a raina cewa na yi iyayi ne irin na matan yanzu. Mu da aka hana ƙwai muna yara wai kada mu tashi da ɗan hali, ba mu taɓa jin wanda ƙwai ya kwantar ba. Ni kaɗai na yanke hukunci cewa laifin ƙwan gidan gona ne, na kajin turawa.

Damina ce, ƙwan zabi ya cika kasuwa. Na dafa biyu, na yanka masa a kan ɗanwake, na barbaɗa yaji. Shekararsa 4. Ya cinye tas, ina kallonsa ina jin na gama gardama.

Ba a jima ba ya fara sosa wuya. Borin jini ya feso masa ruɗu-ruɗu har fatar ido, leɓen ƙasa ya suntume, ya sheƙa amai. Da ya ce, "Goggo, wuyana," muryar a shaƙe take, numfashin yana fito. Maƙwabciyata ta ce a ɗura masa manja. Allah Ya taimake ni ban tsaya ba, na saɓe shi sai Adaidaita.

A asibiti allurar adiranalin aka yi masa a cinya. Likitan bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce garkuwar jikin yaron ce ke ɗaukar sinadaran cikin ƙwai, musamman farin, a matsayin abokan gaba. Na kaza da na zabo da na agwagwa kusan dangi ɗaya ne, kuma akwai wanda tafasa ba ta kashe shi. Yara da yawa kan rabu da abin idan sun girma, amma gwadawa sai a gaban likita.

Da bakina na faɗa wa uwarsa a waya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ai na roƙe ki."

Yanzu kaskon suyarsa daban ne a gidana, cokalinsa ma haka. Duk da haka, in na ajiye masa kwano sai ya ɗago kai ya tambaya, "Goggo, babu ƙwai?"