Tuwon Sabuwar Masakwa a Garwa

A watan Fabrairu, sa'ad da hunturu ya fara sassautawa, akwai wani gida a unguwar Yelwa ta birnin Garwa da ke cika da jama'a rana guda. Ranar ce ake tuƙa tuwon sabuwar masakwa. Ba a kiran makaɗa, ba a yin shela, amma maƙwabta, Hausawa da Fulani da sauransu, sun saba da ita kamar ranar Salla. Mai gidan, wani dattijo da furfura ta game masa kai, yakan fitar da zakka tukuna, sa'an nan ya ba mata izinin surfe da niƙa. Kafin azahar akusa sun jeru, ga miyar kuka, ga ta yakuwa da kifin Binuwai.

Masakwa dawa ce ta rani. Barebari ne ke kiranta da wannan suna, Fulanin arewacin Kamaru kuwa suna cewa muskuwari, ƙasar da ake noma ta kuma karal. Baƙar laka ce mai shan ruwa da damina ta riƙe, ta daddare da rani. Ana yafa irin a watan Agusta, in ruwa ya ɗauke wajen Satumba da Oktoba a cire shi a dasa. Mutum ɗaya ya huda ƙasa da turke mai tsini, wani ya zuba ɗan ruwa a ramin, wani ya sa dashe. Daga nan ba ta ƙara ganin ruwan sama har girbi. Danshin da laka ta ɓoye shi ne abincinta. Shi ya sa dattijon ke kiran girbinta kaka ta biyu, domin tana shigowa ne lokacin da rumbun dawar damina ya fara yin ƙasa.

Gonar da ya gāda tana fadamar Binuwai, inda ambaliya ke kwanciya kowace shekara. Da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, ruwan ya daina malala yadda ya saba, fadamu da yawa suka rage danshi. An samu lantarki, an samu kamun kifi a tafkin, amma gonarsa ta ragu har ta koma ɗan fegi. 'Ya'yansa suka kama wasu sana'o'i: wani yana ɗinki, wani yana aiki a masana'antar auduga. Akwai shekarar da matarsa ta ce a sayo hatsi a kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi a tuƙa, wa zai gane? Ya ce shi zai gane.

Bana ƙafa ta hana shi zuwa gona. Jikansa, wanda ke haya da babur a cikin gari, shi ya tsaya a kan dashe da korar tsuntsaye, ba don yana so ba. Da aka gama cin tuwo, tsohon ya sa aka kawo masa zangarniya, yana juya su ɗaya bayan ɗaya, yana ware masu cikar ƙwaya.

"Kaka, wahalar nan ta fi abin da ake samu," in ji saurayin. "Kuɗin dashe kaɗai ya ci hayar wata biyu."

"Gaskiyarka, abokina," in ji tsohon. "Amma hatsi ana sayensa ko'ina. Wannan irin kuwa tun mahaifina yake hannunmu, ya san lakarmu. In ya tsallake shekara biyu bai shiga ƙasa ba, ya mutu, kuma babu kasuwar da za ta mayar maka da shi."

Saurayin bai amsa ba. Lissafinsa daidai ne, kuma tsohon bai ƙaryata shi ba. Ba wanda ya yi wa wani alkawarin baɗi. Da la'asar, bayan baƙi sun watse, mata suna wanke akusa, ya tattara zangarniyar da aka ware, ya ɗaure su da igiya, ya taka turmi ya rataye su a madafa, inda hayaƙi zai tsare su daga ƙwari har watan Agusta.