Tsoron allurar serom kafin a shiga ɗakin aiki



Akwai maganar da ba mu cika yi a fada ba, don kunya. A gaya wa mutum za a yi masa aiki, ya ce to, Allah ya sa a yi a sa'a. Yanka da ɗinki duk ya sallama, tunda a lokacin yana barci ko an kashe wurin. Abin da ke hana shi runtsawa daren jajibiri shi ne ƴar allurar nan da ake sawa a bayan hannu don ƙarin ruwa, wadda muke ce wa serom. Ita kam idonsa biyu za a sa ta. Cikinmu akwai magidanta masu furfura da wanzami ke yi wa ƙaho, su ga jininsu ko gezau, amma da sun ji ana yage ledar allura sai zufa ta karyo musu. Ba abin mamaki ba ne. Yaron da aka raina da "ka yi shiru ko a kai ka likita a yi maka pikir" ba ya mantawa don ya yi gemu.

Da yawanmu muna zaton ƙarfe ne ke kwana cikin jijiya, shi ya sa za ka ga majinyaci ya sandare hannu kamar icce, ko ƙuda ya kasa kora. Ƙarfen ɗan jagora ne kawai. Abin da ma'aikatan lafiya ke kira kateter siririn bututun roba ne mai laushi, allurar tana cikinsa. Da an soka, jini ya leƙo ta baya, sai a tura robar cikin jijiya, a zare ƙarfen a jefa shi cikin kwalin allurai, a manne robar da filasta. Zafin na wannan ɗan lokacin ne. Kowace da launinta: rawaya mai lamba 24 ta jarirai ce, shuɗiya 22, mai ruwan hoda 20, koriya 18. Yadda lambar ke raguwa haka kaurin ke ƙaruwa. Babban mutum da za a yi wa aiki galibi mai ruwan hoda ko koriya ake sa masa, don in an buƙaci ruwa ko jini cikin gaggawa hanya ta kasance a buɗe.

Kuma ba a ciniki a kanta. Ta nan maganin barci ke shiga, ta nan maganin zafi, ta nan ake ceto in abu ya rikice. Matan da aka yi wa sezariyen sun sani: kafin allurar baya sai an sa ta hannu, saboda allurar baya tana iya saukar da tansiyo nan take. Abin da muke da ta cewa a kai shi ne yadda za a sa ta.

Wani abin haushi, tsoron da kansa yana ƙara wahalar. Jijiya tana tsukewa in mutum ya firgita, tana tsukewa da sanyi, tana shafewa in jiki ba ruwa. To ga mutum bai ci bai sha ba tun dare, ga sanyin ɗakin aiki, ga zuciya na dukan uku-uku. A nema a rasa, a sake sokawa, shi kuma ya ce ai dama na faɗa. Nan ɗan tanadi ke da amfani. A sha ruwa sosai ranar jajibiri, in likita bai hana ba. A ɗumama hannu da tsumma mai ruwan ɗumi kamar minti 10, ko a sa shi cikin bargo, a bar shi yana reto ƙasa kafin a ɗaure. Game da azumin aiki, ƙa'idar da masu sa barci suka fi bi ita ce awa 6 ba abinci, awa 2 ba ruwa zalla, amma abin da naka likitan ya faɗa shi za ka bi. Kuma don Allah, kunu, fura, nono da shayi mai madara duk abinci ne. Kada wata gwaggo ta tausaya ta ba da ludayi biyu a ɓoye. Abin da ke ciki yana iya hawowa ya shiga huhu lokacin barci.

Tsoron ma iri biyu ne. Akwai wanda zuciyarsa ke bugawa, hannu na rawa. Shi numfashi ke taimakonsa: ya ja iska a hankali ta hanci, ya fitar da ita ta baki a tsawaice, ya kau da kai, ya kama zikiri ko hira da wanda ke gefensa. Akwai kuma wanda ke ganin duhu, kunne ya toshe, ya sulale ƙasa. Wannan ba iska ba ce, ba kuma ragwantaka ba. Tansiyonsa ne ke faɗuwa farat ɗaya, jini ya ragu a ka, kuma abu ne da kan bi gida. Mai irin wannan kada ya yarda a soke shi a zaune, ya kwanta. Wani masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Suwidin, Lars-Göran Öst, ya fito da wata dabara a shekarun 1980: ka ɗaure tsokar ƙafafu, cinyoyi da ciki da ƙarfi na daƙiƙa 10 zuwa 15, har ka ji ɗumi a fuska, ka saki na daƙiƙa 20 zuwa 30, ka maimaita sau 5. Hannun da za a soka shi ba a ɗaure shi, a sake yake zama. Ana koyon abin a gida kwanaki kafin ranar. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tambayi likita tukuna.

Akwai kuma man shafawa mai kashe fata, Emla, da ake shafawa awa 1 kafin allura a rufe wurin. Ba kowane farmasi ke da shi ba, kuma ga wanda ke ƙirga jikkunan ordonans ƙarin nauyi ne. Ga yaro ko mai tsananin tsoro dai ya isa a tambaya.

Duk waɗannan ba sa aiki in mutum ya kama bakinsa. Kafin aikin da aka sa wa rana ana ganawa da mai sa barci, ya auna, ya yi tambayoyi. Nan ne wurin faɗa: "Likita, ni fa ina tsoron allura, na taɓa suma." Ba kai ne na farko da ya ji ba. Ka nuna hannun da aka saba samun jijiya. In an gwada sau biyu ba a dace ba, ba rashin kunya ba ne ka roƙa cikin ladabi a kira wani ya gwada. Su ma tsakaninsu haka suke yi. Masu jinya kuma, a rage "haba, kai fa namiji ne". Riƙe masa ɗayan hannun ya fi. Yaro kada a ce masa ba zafi, don in ya ji zafin ba zai sake yarda da maganar kowa ba a ɗakin. A ce masa zai ji kamar cizon cinnaka, a ɗora shi kan cinyar uwarsa in an ba da dama.

Dalilin da ya sa muka tsaya kan wannan ƴar magana shi ne masu kaba da gwaiwa. Mun san yadda ake yi: a biya kuɗin mota zuwa Galmi ko babban asibitin Damagaram, a yi gwaje-gwaje, a karɓi ranar aiki, ranar ta zo a ce sai bayan girbi. Wani rashin kuɗi ne da gaske, wani kuwa tsoro ne ya sa rigar rashin kuɗi. Kaba ba ta warkewa da jira. Ran da hanji ya maƙale a ciki, jini ya daina kai masa, cikin awoyi kaɗan yana iya mutuwa. Mai amai tun safe kuwa jijiyarsa ta riga ta shafe, sokawar da aka guje wa sau ɗaya sai ta zama uku ko huɗu. In kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ga zafi, ga amai, ba a jiran gari ya waye, a nemi mota a daren.