Hannun da aka ce sanyi ne

Kalmar sanyi a bakin Bahaushe babban buhu ce. Ciwon gaɓoɓi yana ciki, ciwon baya yana ciki, har da cututtukan da ake jin nauyin ambatonsu. Abin da ya faɗa buhun nan kuwa, ya huta da bincike.

Can aka jefa ciwon wani baduku na unguwar Birni a Damagaram, dattijon da ya ba hamsin baya, wanda sigari ta fi shekara talatin a bakinsa. Hannunsa na hagu, mai danne fata yayin da na dama ke soka basilla, ya fara gajiya tun kafin hantsi. Dantse ya yi nauyi, yatsu su koɗe. In ya huta kaɗan abin ya lafa, in ya koma aiki ya dawo, wani lokaci har da jiri. Aka yi gashi, aka shafa man shanu, aka sha saiƙo. Hunturu ya wuce, bazara ta zo da zafinta, hannu bai ɗumama ba.

Ba ƙin asibiti ya yi ba. Sau da yawa an auna jininsa, kullum a hannun hagu, don shi ne ke kusa da teburin mai awo, kullum a ce masa sha biyu, lafiya lau. Sai ranar da wata ma'aikaciyar jinya ta laluba bugun jini a wuyan hannun ta ji shi can ƙasa-ƙasa, ta ce: «Baba, miƙo mini ɗayan.» Na dama ya nuna 17.

Jijiyar da ke kai jini hannu tana bi ta ƙarƙashin ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa. Taba, ciwon suga, hawan jini da yawan kitse suna sa daskararren maiƙo ya taru a bangonta, kamar yadda yashi ke cushe hanyar ruwa a fadama, kuma ta hagu ta fi yawan kamuwa. Jinin da ke ratsawa yana isar hannun da ke kwance, ba ya isar mai aiki. Jirin ma yana da dalili: hannun da ya ƙishirta yakan janyo jini ta wata jijiyar wuya wadda aikinta shayar da ƙwaƙwalwa, abin da likitoci suka bayyana a farkon shekarun 1960 suka kira shi sata. Bambancin awo da ya kai 2 tsakanin hannaye biyu ya isa a nemi hoton jijiya.

Wato shekara da shekaru hannun da ya toshe yana ba da shaidar zur, hawan jini kuma yana ɓarna a ɓoye. Abin tsoron ya wuce hannu, domin maiƙon da ya zauna nan da wuya ya bar jijiyoyin zuciya da na kai. Ga ƙarin awon bai fi minti biyu ba.

An ɗora shi a kan maganin hawan jini, da na rage kitse, da asfirin, aka ce ya rabu da taba. Wannan ta fi ba shi wuya. Yanzu ƙaramin ɗansa ke danne masa fata, shi yana ɗinki. A takardarsa ta asibiti an rubuta da jan biro: a auna dama.